Yadda Ake Shirya Shugaban Ƙasa Kafin Ya Zauna da 'Yan Jarida Kan Harkokin Waje

Makon jiya ɗan ƙanwata ya same ni a Obalande bayan sallar isha'i, ina zaune wajen mai tsiren da na saba. An ɗauke shi aiki a ofishin yaɗa labarai na wani babban mutum, kuma ga alama abin ya fara yi masa nauyi. Bayan mun gaisa ya ce, "Kawu, in aka ce maka mako mai zuwa maigida zai zauna da 'yan jarida kan maganar ƙasashen waje, ta ina za ka fara?" Na nuna masa ɓangaren barikin Dodan, inda shugabannin soja suka riƙa mulkin ƙasar nan kafin Babangida ya kwashe gwamnati zuwa Abuja a Disambar 1991. Na ce masa a garin nan aka sa hannu kan yarjejeniyar da ta kafa ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 28 ga Mayun 1975, don haka ba baƙon aiki ba ne ga Legas. Abin da na faɗa masa a daren, da abin da na tuna daga baya, shi na rubuta a nan. Na gina shi a kan shugaban ƙasa domin shi ne maganarsa ta fi nauyi, amma wanda ke yi wa minista ko jakada aiki zai iya rage masa tsawo ya yi amfani da shi.

Fara da sanin irin zaman, da masu saurare

Kwana bakwai kafin ranar, ka tabbatar ka san wane irin zama ne. Tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shugaban wata ƙasa a amsa tambaya biyu ko uku daban. Doguwar hira da zaɓaɓɓun 'yan jarida, irin wadda Tinubu ya yi a nan Legas ranar 23 ga Disambar 2024, daban. Tsayawar minti uku a filin jirgi ita ma daban, kuma ita ta fi haɗari, domin mutum ya gaji, kowa kuma na miƙo makirufo. Ka nemi sunayen waɗanda za su zo, ka karanta abin da kowannensu ya rubuta a wata guda da ya wuce. Ɗan jarida ba ya nisa da abin da ya daɗe yana bi.

Sannan ka riƙe a ranka cewa ɗan jaridar ba shi ne mai sauraro na gaskiya ba. Ofisoshin jakadanci suna rubuta kowace kalma su aika gida kafin gari ya waye. Masu kasuwar canji da masu zuba jari suna ji. Sojoji suna ji. Mai sayar da albasa a kasuwar Mil 12, wanda ɗan'uwansa ke Maraɗi, shi ma yana ji, kuma shi ne wanda rufe iyaka ke fara taɓa aljihunsa. Amsa guda ce za ta shiga kunnuwan nan duka.

Kada kuma ka yarda da wanda ya ce maka "ai harkar waje kawai za a tambaya". Rigimar gida tana bin shugaba har ƙetare. A Oktobar 2016 Buhari yana tsaye gefen shugabar gwamnatin Jamus Angela Merkel a Balin aka tambaye shi kan hirar da matarsa Aisha ta yi da sashen Hausa na BBC. Amsar da ya bayar, cewa wurin matarsa shi ne kicin da falo da ɗaya ɗakin, ita duniya ta ɗauka. Tambayi mutum goma yau me Najeriya da Jamus suka tattauna a ziyarar nan, da wuya ka samu ɗaya da ya tuna. Tambayar nan kuwa ko yaro ya san za ta zo, domin hirar ta riga ta karaɗe gari.

Tattaro matsayin ƙasa, shafi ɗaya kan kowane batu

Kwana biyar kafin ranar, ka nemi bayani daga ma'aikatar harkokin waje, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da jakadanmu na ƙasar da abin ya shafa. In batun yana da tarihi mai tsawo, ga Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa nan a titin Kofo Abayomi, tun 1961 take. Malamanta za su warware maka a zama ɗaya abin da za ka kwana uku kana lalube a intanet.

Za su turo maka takardu jibgi guda. Kada ka kai wa shugaba su haka. Ba zai karanta ba, in ma ya karanta, abin da ba a so ya faɗa shi zai maƙale masa. Kowane batu ka matse shi a shafi ɗaya, da abu huɗu a ciki: matsayin Najeriya a jimla ɗaya, wa ya yi magana ta ƙarshe a kai, yaushe, kuma da waɗanne kalmomi, me ya canza tun daga lokacin, sai kuma abin da ba za a faɗa ba ko ana ha-maza ha-mata. Na huɗun nan ka rubuta shi da manyan baƙaƙe.

A nan nake so in ɗan daɗe, domin nan matasa ke tuntuɓe. Akwai matsayin da ƙasa ta ɗauka tun kafin a haife ka, kuma kalma ɗaya ta kuskure tana iya zama kamar an sauya shi. Najeriya ta ƙulla hulɗa da China a 1971, kuma tana kan cewa China ɗaya ce. A Janairun 2017 gwamnati ta ce ofishin kasuwanci na Taiwan ya tashi daga Abuja ya dawo Legas, saboda wannan matsayin. To, in shugaba ya buɗe baki ya ce "ƙasar Taiwan", ko da a cikin yabon kayan lantarkinsu ne, kafin la'asar jakadan China ya nemi ganin minista. Haka Yammacin Sahara: tun 1984 Najeriya ta amince da jamhuriyar Saharawi, amma kuma tun 2016 take maganar shimfiɗa bututun iskar gas da Maroko, wadda ke cewa yankin nata ne. Dole amsa ta ɗauki abu biyun nan ba tare da ta zubar da ɗaya ba. Falasɗinu ma haka: mun amince da ƙasarsu tun 1988, mun kuma maido da hulɗa da Isra'ila a 1992 bayan yanke ta a 1973. Irin waɗannan batutuwa ba a barin shugaba ya ƙirƙiro musu kalmomi a tsaye. A ba shi jimlar da aka daɗe ana amfani da ita, ya haddace ta kamar karatun allo.

Ka kuma sa masa sashe na 19 na kundin tsarin mulkin 1999 a gaban fayil ɗin. Nan aka jera manufofin hulɗar waje: kare muradin ƙasa, haɗin kan Afirka, zaman lafiyar duniya, mutunta dokar ƙasa da ƙasa da sasanta rikici ta hanyar tattaunawa, da neman adalci a tattalin arzikin duniya. Duk tambayar da ta zo masa ba zato, yana da inda zai jingina.

Rubuta tambayoyin, munanan tukuna

Kwana huɗu kafin ranar, ku zauna ku uku ko huɗu ku rubuta tambaya talatin. Sa'an nan ku ware goma da kuke addu'ar kada a yi. A kansu za ku ɓata rabin lokacinku. Tambaya mai daɗi ba ta bukatar shiri.

Da na yi shekaru ina gefen masu tambaya, tarkunan da muke ɗanawa ba su da yawa. Akwai na "idan": idan sojojin ƙasa kaza suka ƙi sauka, za ku kai hari? Akwai na zaɓi biyu: Amurka ko China, wa kuka fi so? Tun da Najeriya ta zama ƙasar ƙawance a ƙungiyar BRICS, wadda China da Rasha ke ciki, a Janairun 2025, wannan ba ta fashi. Akwai na cusa kalma a baki, inda ɗan jarida zai ce "wato kana nufin manufarku ta gaza", yana jira shugaba ya maimaita kalmar "gaza", ko da yana musantawa ne, gobe ta hau kanun labarai. Sai na ɗauko maganar wani shugaba a ce ka mayar da martani.

Wannan na ƙarshen Buhari ya taɓa tsallake shi sau biyu da kyau, kuma adalci ne in faɗa tunda na kawo na Balin. A Mayun 2016 kyamara ta ɗauki Firaministan Birtaniya David Cameron yana gaya wa Sarauniya cewa Najeriya na cikin ƙasashen da cin hanci ya yi wa katutu. Kowa na jiran ya fusata. Sai ya ce shi ba neman afuwa yake bukata ba, dukiyar da aka sace aka ɓoye a can yake so a dawo da ita. Ya juya zagi ya zama bukata. Ranar 30 ga Afrilun 2018 kuma, a fadar shugaban Amurka, aka tambaye shi kan munanan kalaman da aka ce Trump ya yi game da ƙasashen Afirka, ga Trump ɗin tsaye kusa da shi. Ya ce bai da tabbacin sahihancin zancen, don haka abin da ya fi masa shi ne ya yi shiru. Wasu sun ce tsoro ne. Ni a ganina mutumin da ya je neman jiragen yaƙi ba ya tsayawa faɗa a ƙofar gidan mai jiragen.

Gina amsa, kuma ka san inda ikon shugaba ya tsaya

Kowace amsa kada ta wuce minti ɗaya da rabi. Ya fara da matsayin, ya kawo dalili ɗaya ko misali ɗaya, ya faɗi abin da ake yi yanzu, ya tsaya. Tsayawar ita ce mai wuya. Ɗan jarida gwani yakan yi shiru bayan an ba shi amsa, yana kallonka, don ka ji kamar akwai saura. Abin da mutum ya ƙara a cikin shirun nan, yawanci shi ne labarin gobe.

Lamba kuwa, ko dai an tabbatar da ita daga ofisoshi biyu, ko a bar ta. Kuma kada a ba da wa'adi a gaban makirufo sai an san me za a yi ranar da ya cika. Darasin Nijar bai yi nisa ba. Sojoji sun kifar da Shugaba Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Ranar 30 ga wata ECOWAS, Tinubu na shugabantarta, ta ba su mako guda, har da barazanar amfani da ƙarfi. Mako ya cika. Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu, malamai da sarakunan Arewa suka tashi tsaye, domin jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Ba a kai hari ba, an ɗage takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a Fabrairun 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ƙungiyar, ficewar da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Duk mai shirya shugaba ya zauna ya karanta abin da aka faɗa a makonni biyun farko na rikicin nan, kalma bayan kalma.

Shi ya sa nake cewa a tuna wa shugaba da doka kafin ya fita. Sashe na 5 na kundin tsarin mulki ya ce ba zai ayyana yaƙi ba sai da amincewar majalisun tarayya biyu a zaman haɗin gwiwa, kuma ba a tura soja fagen daga a wajen ƙasa sai Majalisar Dattawa ta yarda. In barazana ce ta gaggawa, yana iya turawa bayan shawara da Majalisar Tsaro ta ƙasa, amma cikin kwana bakwai da fara artabu sai ya nemi yardar sanatoci, su kuma su amsa cikin kwana goma sha huɗu. Sashe na 12 kuma ya ce yarjejeniya da wata ƙasa ba ta zama doka a gida sai majalisa ta zartar. Kan wannan sashen ne sanatoci suka yi ƙorafi a 2007 game da yarjejeniyar miƙa Bakasi ga Kamaru da Obasanjo ya sa wa hannu a 2006. Dokar nan mafaka ce ma a gaban 'yan jarida: "wannan hukunci ba nawa ba ne ni kaɗai" amsa ce ta gaskiya, ba zillewa ba.

Atisaye

Kwana biyu kafin ranar, a yi gwaji na gaske. A tsayar da shi a irin wurin da zai tsaya, a kunna fitila, a ɗauka da waya, a sa agogo. Matsalar ba ta kayan aiki ba ce, ta mutane ce. Wa zai kalli shugaban ƙasa ido cikin ido ya ce, "Yallaɓai, ba ka amsa tambayata ba"? Mu da aka tarbiyyantar da mu kan cewa ba a katse babba, ba a ma haɗa ido da shi? Na taɓa zama a wani gwaji da aka shirya wa wani babban jami'i, duk amsar da ya bayar sai ɗakin ya ɗauka da "ranka ya daɗe, ai ka gama magana". Washegari wata yarinya 'yar jarida da ba ta kai shekara talatin ba ta yi masa tambaya ɗaya sau uku, a ta ukun ya hasala, hasalar ce kuma aka yi ta nunawa a talabijin.

Don haka ka nemo mutum daga waje, tsohon ɗan jarida ko tsohon jakada wanda ba ya neman muƙami. Kafin a fara ka nemi izini a fili: "Ranka ya daɗe, na awa ɗaya wannan bawan Allah ba ya cikin mutanenka, a yi masa afuwa tun yanzu." A rage mutanen ɗakin su koma biyar, domin babba ba ya son a gyara masa a gaban taro, kuma yana da gaskiya. In an gama a kunna masa ya kalli kansa. Gani ya kori ji. Abin da za ka yi awa kana kewaye-kewaye ka kasa faɗa, shi da kansa zai gani a minti biyu, ko yawan kallon takarda ne, ko murmushi a kan maganar da aka rasa rayuka.

Hausar ma a shirya ta

Wannan matakin kusan kowa na tsallake shi. Ana kwana ana tace amsar Turanci, sai a ce ta Hausa ai harshen gida ne, a bar mutum ya yi ta yadda ta zo masa. Alhali hirar Hausa ita ake ji kai tsaye a Yamai da Damagaram da Tawa, har Agadas, ba tafinta a tsakani. A Disambar 2024 Janar Tiani, shugaban mulkin sojan Nijar, da Hausa ya yi wa Najeriya zarge-zarge masu nauyi, Nuhu Ribadu kuma, a matsayinsa na mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da Hausa ya mayar masa ta BBC. Diflomasiyya ce tsagwaronta aka yi da harshenmu.

Ku zauna ku tsayar da kalmomi tun da wuri. "Sojojin da suka yi juyin mulki", da "gwamnatin mulkin soja", da "hukumomin Nijar" duk mutane ɗaya ake nufi, amma kowace tana aika saƙo daban. "Muna gargaɗi" ba ɗaya take da "muna kira" ba, "muna roƙo" kuma wani abu ne na uku. Karin magana kuma a yi hattara da shi. Yana da daɗi a baka, amma in shugaba ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a can ƙetaren iyaka barazana za a ji, mai fassara wa jakadan Faransa kuwa Allah kaɗai ya san me zai rubuta. In za a yi amfani da tafinta a zaman, a ba shi jerin kalmomin nan tun jajibiri.

Ranar, da abin da ke biyo baya

Da safe mutum ɗaya ya shiga da takarda ɗaya: me ya faru cikin dare. A sake dubawa minti goma sha biyar kafin fita, kada a yi juyin mulki a wata ƙasa ɗan jarida ya riga shugaba ji. A maimaita masa sunayen shugabannin da zai ambata da yadda ake furta su. In a Legas ne zaman, ka ce wa 'yan jarida su iso awa biyu kafin lokaci, cunkoson gadar Third Mainland ba ya sanin fadar shugaban ƙasa. A gwada janareta. A tsayar da wanda zai ce "tambaya ta ƙarshe", kuma in ya faɗa, shugaba ya juya ya tafi, kada ya tsaya amsa wadda aka jefo daga baya. Kowane makirufo a ɗauka a kunne yake. Cameron ma hira yake yi a tsaye, ba jawabi ba.

Da an tashi, cikin awa ɗaya a fitar da rubutaccen abin da aka faɗa, da Turanci da Hausa, a tura wa ma'aikatar harkokin waje da jakadunmu kafin a fara kiransu. In an yi ɓaram-ɓarama, minista ya kira jakadan ƙasar da abin ya shafa tun kafin shi ya kira, a kuma fitar da gyara gajere a ranar. Kada a ce "an juya maganarsa" alhali bidiyon na yawo a WhatsApp, wannan ƙara wa labarin kwana uku kawai yake yi.

Da na kai nan ɗan ƙanwata ya ajiye tsinken tsire ya ce, "To Kawu, in maigida ya ce shi ba ya bukatar gwaji, ya fi shekara talatin yana magana da 'yan jarida fa?" Na ce masa wannan ita ce amsar da zai fi samu. Ya samu ƙaramin kati, ya rubuta layi biyar: abu uku da ake so a faɗa, abu biyu da ba a so, ya ba wanda ke shiga mota da maigida, ya roƙe shi ya karanta masa a hanya. Ya ciro biro ya rubuta hakan a bayan takardar da aka naɗo tsiren, ya ce zai kira ni ranar Alhamis, sannan ya tsallaka titi da sauri don kada motar Agege ta ƙarshe ta bar shi.